Ƙwallon da Na Ƙi Bari Ta Gangara

Babu inda wasan golf ke tona wa mutum asiri kamar a yadi ashirin ɗin ƙarshe kafin rami. Idan ka kauce a dogon bugu, ga iska ka ɗora wa laifi, ga bishiya, kuma kafin a taka zuwa inda ƙwallon ta faɗi hira ta koma kan wani abu. Gajeren bugun gefen girin (gajeriyar ciyawar da ke kewaye da rami) kuwa, wanda ake so ƙwallo ta ɗan tashi, ta sauka, ta gangara zuwa rami, a kan idon kowa ake yin sa. Ba ya son ƙarfi. Dattijo mai shekara saba'in zai iya, yaron da bai kai jakar sanduna tsawo ba ma zai iya. Saboda haka in ka ɓata shi ba ka da wurin ɓuya. A wannan bugu ne na daɗe ina tafka kuskure iri ɗaya ina kare shi da baki, har ya kai ni ga cin zarafin wanda bai yi mini laifin komai ba.

Dokar wasa ta yarda mutum ya ɗauki sanduna 14 a jakarsa. Ni kuwa da zarar ƙwallo ta matso girin, guda ɗaya tak na sani: weji mai digiri 60, wadda fuskarta ke kwance tana kallon sama. Kowace sanda da irin kwanciyar fuskarta. Ƙarfe mai lamba 7 yakan kama daga digiri 30 zuwa 34, wejin ficin na wajen 45, ta yashi kuma 54 zuwa 56. Iya kwanciyar fuska iya tashin ƙwallo sama, iya kuma ƙarancin gangararta in ta sauka. Mai 60 na can kusan ƙarshen layi, kuma ta fi sauran wuyar sarrafawa. Na saye ta da tsada, aka kawo mini daga waje, na sa a raina cewa ita ce shaidar na zama ɗan wasa.

Talabijin ce ta zuga ni, ko da yake ba ita ta riƙe mini sanda ba. Na sha kallon Phil Mickelson yana buɗe fuskar weji ya cilla ƙwallo sama ta faɗo ta tsaya cak a gefen rami. Na sha kallon Tom Watson a rami na 17 a Pebble Beach, a gasar US Open ta 1982, yana tsamo ƙwallo daga cikin doguwar ciyawa ya jefa ta rami ya raba Jack Nicklaus da kofi. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙwallonsu: ciyawa mai kauri da ake shayarwa kullum, da sararin da bakin sanda zai shige ta ƙasa. Ban kuma lissafa cewa su sana'arsu ke nan ba, a kai suke wuni, ni kuwa Asabar ce kawai tawa, ita ma in babu ɗaurin aure.

Filayenmu daban suke. Tsoffin filayen Kano, Kaduna, Zariya da Jos tun zamanin Turawa suke, kuma da yawa daga filayen ƙasar nan an daɗe ana wasa a kansu babu girin na ciyawa. Burawun ake yi, wato yashi da aka cuɗa da baƙin mai aka baje, a share wa mutum layi kafin ya tura ƙwallo rami. A kan burawun na koyi wasa, kuma burawun na rufa wa mai cilla ƙwallo sama asiri, domin in ta faɗo yashi ke kama ta, ba ta wani gangara. Sai na tashi da tunanin cewa rami ake nufa kai tsaye ta sama. Aka mayar da filinmu ciyawa, girin ya ƙara sauri, ni ban sauya komai ba.

Damina ce ta fi ɓoye mini gaskiya. Daga Yuni zuwa Satumba ƙasa da laushi, ciyawa ta tofo, mai 60 na shiga lafiya, har a yi mini tafi. Da Nuwamba ta kama, hunturu ya sauko, ciyawa ta ƙone, sai gefen girin ya koma daɓe. Daga nan har ruwan farko, bugun nan ba ya yi mini. Kowace shekara haka, amma ban taɓa zama na tambayi kaina dalili ba. Na ce filin ne ba kyau, na ce masu kula da shi ba sa aiki, na ce ƙwallo ta tsufa.

Ga abin da ke faruwa a zahiri. Nakan tsaya nauyina a ƙafar baya, ina ƙoƙarin kwaso ƙwallo da wuyan hannu, wai don in taimaka mata ta tashi. Duk wanda ya yi haka, kan sandarsa na isa ƙasa tun kafin ya iso ƙwallo. Ko dai bakin sandar ya caki ƙasa, ƙwallo ta yi ɗan tsalle ta zauna a gabanka, ko kuma sandar ta daki busasshiyar ƙasa ta dawo sama, kaifinta ya sari ƙwallo a ciki, ta fita a guje ta ƙetare girin. Akwai wani ɗan tudu a gindin weji, wanda ake danganta yaɗuwarsa da Gene Sarazen, mutumin da ya ƙara wa gindin sandarsa dalma ya je ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1932. Aikin tudun shi ne hana sanda nutsewa a yashi ko a ƙasa mai laushi. A kan tauri kuwa shi ke ɗaga bakin sandar, balle in ka buɗe fuskarta yadda nake yi. Abin da ke ceto na a Agusta shi ke kashe ni a Janairu.

Akwai wani saurayi da ya daɗe yana yi mini kadi. Bai wuce shekara ashirin ba, ba shi da yawan magana. Duk sanda muka iso gefen girin da rani sai ya zaro ƙarfe 8 ya miƙo, ni kuma in girgiza kai. Ba ya musu, sai ya mayar ya ba ni tawa. Na ɗauka rashin sani ne, wai bai san aikin sanda mai tsada ba.

Wata Asabar cikin sanyi aka yi gasar biyu-biyu a kulob, irin wadda mutum biyu ke buga ƙwallo ɗaya suna karɓa-karɓa. Aka haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda kowa ke kira Baba. Bugunsa ba nisa, amma ba ya kaucewa. Muna cikin na gaba har kusan ƙarshe. A ɗaya daga ramukan ƙarshen Baba ya ajiye mini ƙwallo 'yan taku kaɗan daga bakin girin. Tuta na can ciki da nisa, babu ramin yashi a tsakani, babu tudu. Ƙasar wurin kuwa fara fat, har ta fara tsattsagewa, 'yan tsirarun ciyawar da suka rage sun zama ƙaiƙayi.

"Yallaɓai, a gangaro da ita," in ji yaron, yana miƙo 8.

"Ba ni mai sittin."

"Wurin ya bushe, yallaɓai."

"Kai za ka buga ko ni?"

Ya ba ni. Na buɗe fuskarta, na ɗaga, na sauke, sai na ji ƙwas! Tun daga ƙarar na san an gama. Ƙwallon ta fita daidai gwiwa, ta wuce tuta, ta wuce girin, ta faɗa ramin yashin da ke baya ta maƙale a ƙarƙashin leɓensa. Baba ne da bugu na gaba, dattijo ya shiga yashi ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ramin ya lalace, gasar ma ta tafi.

Maimakon in yi shiru, sai na juya kan yaron. Na ce ya motsa ina cikin bugu, na ce ya cika ni da surutu, na ce bai goge sandar ba. Na ɗaga murya har 'yan rukunin da ke bayanmu suka ji. Bai motsa ba, kuma tun ina maganar na san bai motsa ba. Da muka gama na ba shi kuɗin ɗaukar jaka cif-cif, na hana shi ɗan abin da na saba ɗora masa a kai, alhali na san da shi yake shiga mota zuwa gida. Ya karɓa da hannu biyu ya ce ya gode. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo.

Baba bai ce uffan ba sai da muka zauna shan ruwa.

"Ɗana, kofi bai dame ni ba, waɗanda ke gida ma ƙura ke cin su," in ji shi. "Amma ban ga yaron nan ya riƙe sanda ba. In kana da sarari, ka zo ranar Litinin da safe."

A kulob ɗinmu Litinin ce ranar kadi, ranar da mambobi ba sa zuwa. Na zo ba don ina so ba, na tsaya a gindin wata bishiyar dogon yaro. Samari ne sun kewaye girin ɗin gwaji, sanda ɗaya ke yawo a hannunsu, tsohon ƙarfe 7 da aka naɗe wa mariƙi da robar tayar keke. Ƙwallayensu tsintattu ne daga cikin daji, duk sun yi rawaya. Da layi ya zo kan yarona sai na zuba ido. Ya haɗe ƙafafu kusan su taɓa juna, ya matso kusa da ƙwallo, ya riƙe sandar can ƙasa kusa da ƙarfe, ya jingina a ƙafar hagu. Ya ja sandar baya kaɗan, ya juya ƙirjinsa, shi ke nan. Ƙwallon ba ta kai gwiwa tashi ba. Ta sauka taku ɗaya cikin girin, ta yi ɗan tsalle, ta kwanta tana gangara har ta tsaya inda za a iya tura ta da hannu ɗaya. Ya sake, ta biyu ta je ta tsaya kusa da 'yar uwarta. Daga kan irin ƙasar da ta kayar da ni ranar Asabar yake bugawa.

Na yi niyyar kiran sa gefe, sai na tuna a gaban mutane na ci masa mutunci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban abokansa na ce na yi masa ƙarya, bai motsa ba, kuma sandar da ya miƙo ita ce daidai. Na ba shi abin da na riƙe masa.

"Haba yallaɓai, ai ya wuce."

Da na ce ya koya mini, sai ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce.

Abu na farko da ya yi, ya karɓi hankicina ya shimfiɗa taku ɗaya cikin girin. "Yallaɓai, kai tuta kake kallo. Ka manta da ita. Nan za ka sauke, sauran aikin ƙasa ce." Tun da na fara wasa ban taɓa zaɓar inda ƙwallo za ta sauka ba. Na san inda nake so ta ƙare, amma tsakanin nan da can addu'a ce kawai. Da ido ya koma kan hankici sai hannu ya daina fizga, domin jefa ƙwallo yadi uku ba ya tsoratar da kowa.

Sai tsayuwa. Ƙafafu kusa da juna, ƙwallo a tsakiya ko ɗan baya kaɗan, hannaye gaba da ƙwallo kaɗan, kusan kashi biyu cikin uku na nauyi a ƙafar gaba, kuma ya zauna a can har a gama. Ƙirji da kafaɗu ke tafiyar da sanda, wuyan hannu ba ya karyewa a lokacin haɗuwa. Don ya hana ni komawa baya, ya sa na ɗaga diddigen ƙafar dama na tsaya a kan yatsu. A haka ba yadda za ka yi ka kwaso ƙwallo. In ka gwada sai ka yi tangaɗi. Amfanin duk wannan guda ɗaya ne: sanda ta taɓa ƙwallo tukuna sannan ta goge ƙasa a gabanta. Ɗagawa kuwa aikin fuskar sanda ne, an riga an ƙera ta don haka. Ya kuma nuna mini wata dabara ta wurin da ya bushe ƙwarai: ka matso sosai, ka miƙar da sandar tsaye har dugaduganta ya ɗan bar ƙasa, ka buga kamar kana tura ta da fota, sandar tura ƙwallo rami. Ƙarfen da ke taɓa ƙasa ya ragu, damar caka ma ta ragu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na uku, don da na tsaya na yi tunani da ni ma na gano. Bugun ba ya sauyawa, hankicin ma ba ya matsawa, sanda kawai ake sauyawa. In tuta na kusa, wejin yashi, rabi a sama rabi a ƙasa. In tana tsakiya, ficin, kashi ɗaya a sama biyu a ƙasa. In tana can ƙarshe, 8 ko 7, ɗan tashi kaɗan da doguwar gangara. Wannan lissafi na girin ɗinmu ne. Wanda ya je Abuja ya buga a filin IBB, ko wani wuri mai girin mai sauri, sai ya sake aunawa. Tsarin yaron kuma ba ya canzawa: in fota za ta iya, fota, in ba za ta iya ba, ƙarfen da zai ƙetare munin wurin ya gangara, cilla sama sai in hanya ta toshe.

Daga baya na koma kan talabijin ɗin da ta ruɗe ni, sai na ga ashe ni ne na zaɓi abin da nake son gani. A 2004 Todd Hamilton ya doke Ernie Els a wasan raba gardama na gasar Open a Royal Troon, yana gangaro da ƙwallo daga wajen girin da sandar haibirid, wadda aka ƙera don dogon bugu. A 2014 Bajamushe Martin Kaymer ya ci US Open a Pinehurst da tazarar bugu 8, yana ta amfani da fota daga wajen girin. Ko shahararren bugun Larry Mize na Masters a 1987, wanda ya karya zuciyar Greg Norman a rami na 11, sai da ya taɓa ƙasa kafin girin sannan ya gangara ya shiga. Tun a 1938 Paul Runyan, wanda Sam Snead ya fi shi nisan bugu nesa ba kusa ba, ya lallasa shi a wasan ƙarshe na gasar PGA da gajeren wasa. Seve Ballesteros kuwa, wanda har yau ake misali da hannunsa a gefen girin, kadi ne shi ma yana yaro a Pedreña da ke arewacin Sifen, kuma da ƙarfe 3 guda ɗaya ya koyi wasa a bakin teku.

Kada in zalunci mai 60 kamar yadda na zalunci yaron. Akwai ƙwararru da malaman wasa na zamani da ke cewa ka riƙe weji ɗaya ka san ta ciki da waje, kuma suna da hujja, in mutum na da lokacin atisaye da ciyawar da za ta ɗauke shi. Ni ma tana nan a jakata, nakan zaro ta da damina in ramin yashi ya shiga tsakanina da tuta. Amma ga ɗan Asabar irina, a kan ƙasar rani, ganina shi ne ta fi cutarwa fiye da amfani. In ka ɗan kuskure da 8, ƙwallonka na kan girin, nesa kaɗan da rami. In ka ɗan kuskure da 60, sai a neme ta.

Ba kuma zan ce na warke sarai ba. In gasa ta yi zafi hannun dama na neman komawa tsohon halinsa. Wannan cuta ba ta jin kunyar kowa: Tiger Woods, yana da manyan kofuna 14 a lokacin, ya buga 82 a Phoenix a Janairun 2015, gajeren bugu na ta kufce masa. Viktor Hovland ɗan Norway ya ci gasa a Puerto Rico a 2020 ya fito fili ya ce bai iya wannan bugun ba. Ya koma ya yi aiki a kai, a 2023 ya ɗauki kofin FedEx. Shi ya faɗa a gaban duniya, ni kuwa ranar gasar nan na kasa faɗa wa yaro ɗaya.

Atisayena ma ya sauya. A da nakan zube ƙwallaye a wuri ɗaya mai ciyawa mai kyau in yi ta bugawa har hannu ya saba, in tafi gida ina jin na iya. A fili kuwa ba a ba ka bugu iri ɗaya sau biyu. Yanzu ƙwallo ɗaya nake ɗauka, in wurga ta ta baya ba tare da na duba ba, in buga ta daga inda ta tsaya, ko a kan tsakuwa ne, in bi ta da fota har sai ta shiga. Na kuma rage buri. Hatta 'yan gasar PGA ta Amurka, in suka kuskure girin, kusan sau shida cikin goma ne kawai suke ceto ramin. Ramin kansa faɗinsa milimita 108 ne. Abin da nake nema yanzu shi ne kada gajeren bugu ya zama biyu, kuma ƙwallo ta tsaya inda fota biyu ba za su gagara ba.

Yaron har yanzu shi ke ɗaukar mini jaka, kuma in ya miƙo sanda ba na girgiza kai sai na tambayi dalili. Shi da abokansa sun fi yawancinmu mambobi iya wannan bugu, amma har gobe akwai filayen da samari da yawa ke layi a kan ƙarfe ɗaya mai mariƙin roba. Mu kuwa kusan kowannenmu na da tsohuwar jaka a gareji ko a bayan ƙofa, tsatsa na cin ta. Ɗan'uwa mai wasa, Asabar mai zuwa ka saka ta a but ɗin mota ka kai wa kadin kulob ɗinku.